Maɓallin “Fita” da ba ya fitar da kowa

Idan aka ba ni manhajar yanar gizo aka ce in duba lafiyarta, ba kod nake fara buɗewa ba. Asusun gwaji nake nema in shiga, in kwafi kukin (ɗan rubutun shaidar shiga) da saba, wato kwamfutar da ke riƙe da manhajar, ta ba ni in ajiye gefe, in danna “Fita”, sannan in sake tura buƙata da tsohon kukin nan ta curl, manhajar da ke tura buƙata ba tare da burauza ba. Abin da ya kamata ya dawo shi ne 401, lambar da ke nufin ba a san ka ba, ko kuma a kora ni shafin shiga. Amma sau da yawa sai in ga bayanan asusun sun dawo cif-cif, suna da adireshi da komai, kamar ban taɓa fita ba. Maɓallin a burauza kawai ya goge kukin. Saba ba ta da labari.

Abin yana damuna ƙwarai, domin ina tuna mutumin da ke ɗaya ɓangaren. Wani ne ya ari kwamfutar abokinsa ya duba saƙo, ya danna “Fita”, ya tashi hankalinsa kwance. Ko kuwa wadda aka fizge wa waya, ta nemi wata na'ura a guje ta canza kalmar sirri, tana ganin ta rufe ƙofa. Amana suka ba mu, kuma ba su da hanyar gane ko mun riƙe ta. Shi ya sa idan abokan aiki suka fara gardamar inda za a ajiye zaman mai amfani, wato bayanin da ke nuna ya shiga, wannan ya ce ma'ajin bayanai na Redis, wancan ya ce ai JWT, shaida mai sa hannu da ake ba mutum ya riƙe, ake yayi, ni tambaya ɗaya nake fara yi: in aka ce ka kashe zaman wane yanzu-yanzu, za ka iya? A daƙiƙa nawa? Wanda ya amsa wannan tsakani da Allah, zaɓen wurin ajiya ba zai ba shi wahala ba.

Asalin matsalar dai ƙa'idar HTTP, wadda burauza da saba ke magana da ita, ba ta riƙe komai. Kowace buƙata baƙuwa ce a wurin saba, ko da daga burauza ɗaya ta fito da wadda ta gabace ta da rabin daƙiƙa. Haka aka tsara ta da gangan, don a farko takardu ake ɗebowa a karanta, kuma mai karatu ba ya buƙatar a san shi. Da aka fara tunanin saye da sayarwa a intanet sai aka ga dole a tuna cewa wanda ya zaɓi kaya a shafin baya shi ne ya zo biya a wannan. A 1994 Lou Montulli, injiniya a kamfanin Netscape, ya fito da kuki: saba ta aiko ɗan guntun rubutu a cikin Set-Cookie, burauza ta ajiye, ta riƙa mayar da shi tare da kowace buƙata. An rubuta masa ƙa'ida a RFC 2109, ɗaya daga takardun ƙa'idojin intanet, a 1997, amma wadda ta bayyana abin da burauzoji suke yi da gaske ita ce RFC 6265 ta 2011. A cikinta aka ce burauza ta iya riƙe aƙalla bayit 4096 ga kowane kuki. Wannan adadin a riƙe shi, zai sake fitowa.

Abin da za ka sa a cikin guntun rubutun nan iri biyu ne. Ka ɗauka wurin ajiyar kaya ne. Mai wurin zai iya karɓar jakarka ya ba ka ɗan kati mai lamba, ya rubuta lambar a littafinsa. Ko kuma ya ba ka takarda da sa hannunsa cewa mai ɗauke da wannan wane ne, a ba shi kaza da kaza har zuwa ƙarfe shida. Idan katin ya ɓace, ka je ka faɗa masa ya soke lambar a littafi, wanda ya tsinta ya tsinci banza. Idan takardar ce ta ɓace, babu littafin da za a soke komai a ciki. Duk wanda ya gan ta zai ga sa hannu na gaskiya, kuma za ta yi aiki har ƙarfe shidan.

Na farkon shi ne tsohon tsari, wanda PHP ke yi da PHPSESSID, Java da JSESSIONID, Django da sessionid. Lamba ce kawai a hannun burauza, bayanan suna wurin saba. Kuma tun da lambar ita ce komai, to a kanta za a tsaya. Dole ta fito daga injin zaɓen lambobi na tsaro wanda tsarin kwamfuta ke bayarwa, ba daga agogo ko lambar asusu ko adireshin imel da aka murɗa ba. OWASP, ƙungiyar da ke ba da shawarwari kan tsaron manhajoji, ta ce ƙarfin rashin tabbas ɗinta, wato wuyar cankarta, kada ya gaza bit 64. Ni bayit 32 nake ɗauka daga injin in huta. Kada a rubuta wannan da hannu idan tsarin da ake aiki da shi ya riga ya tanada. Kada kuma lambar ta shiga adireshin shafi. Tsofaffin manhajojin Java suna liƙa jsessionid a ƙarshen adireshi idan burauza ta ƙi kuki, sai mutum ya kwafi adireshin ya tura wa abokinsa don ya ga wani kaya, ashe ya haɗa masa da asusunsa. Adireshi yana zama a tarihin burauza, yana zama a rajistar saba, yana bin mutum zuwa wasu shafukan.

Alamomin kuki guda uku ba abin tattaunawa ba ne a wurina. Secure, don kada ya bi layin da ba a kulle ba. HttpOnly, wanda Microsoft ta kawo a 2002 cikin Internet Explorer 6, don kada JavaScript ya iya karanta shi. SameSite, don kada wani shafi ya sa burauzarka ta aika buƙata da sunanka. Chrome ya mayar da Lax matsayin asali a 2020, amma gara ka rubuta da kanka. Waɗanda suka fara aiki bayan HTTPS, wato kulle layi, ya game ko'ina ba su ga yadda abin yake ba. A Oktoban 2010 Eric Butler ya saki Firesheep, wani ɗan ƙari na Firefox. Mutum ya zauna a kan Wi-Fi buɗaɗɗe, sai hotunan mutanen da ke kusa da shi su jeru a gefen allo, ya danna ɗaya ya zama shi a Facebook ko Twitter. Bai saci kalmar sirrin kowa ba. Shafukan suna kulle shafin shiga, sannan su bar kukin yana yawo a fili. Daga nan ne manyan shafuka suka ɗauki kulle layi gaba ɗaya da muhimmanci.

Akwai kuma wata sata da ake yi ta baibai. Maimakon ɓarawo ya ɗauki lambarka, sai ya ba ka tasa. Ya sa burauzarka ta karɓi lambar zama da shi ya sani, kai kuma ka shiga da kalmar sirrinka, saba ta ɗaura asusunka a kan lambar nan, shi ke nan ku biyu kuna ciki. Mitja Kolšek ya yi rubutu a kan wannan a 2002, kuma maganin bai canza ba: da zarar mutum ya shiga, a jefar da tsohuwar lamba a ba shi sabuwa. A PHP session_regenerate_id ne, Django kuwa da kansa yake yi. Masu PHP su duba session.use_strict_mode, domin a kashe yake zuwa, kuma in yana kashe saba tana karɓar lambar da ba ita ta ƙirƙira ba.

To, ina littafin zai zauna? Kusan kowa a ƙwaƙwalwar saba ɗaya yake farawa, domin nan ne mafi sauƙi. Lafiya lau, har ranar da aka sake kunna manhajar don ɗora sabon kod, kowa ya tsinci kansa a waje. Su kansu masu express-session, ɗakin kod na kula da zama a Node.js, sun rubuta ƙarara cewa ma'ajinsu na ƙwaƙwalwa ba don aikin gaske aka yi shi ba, amma ina ganinsa a manhajojin da mutane ke biyan kuɗi a ciki. Idan aka ƙara saba ta biyu sai ƙorafi ya canza salo: ana fitar da ni, in na sabunta shafi kuma sai in ga ina ciki. Buƙata ɗaya ta je inda aka san shi, ta biyu ta je inda ba a san shi ba.

Maganin gaggawa da ake runguma shi ne a manne kowane mutum da saba ɗaya. Na'urar raba buƙatu ta sa nata kukin, kamar AWSALB na Amazon, ko ta duba adireshin IP kamar ip_hash na nginx. Ba na son wannan, kuma dalilaina na aiki ne. Sabar da mutum ke manne da ita in ta faɗi, zamansa ya tafi da ita. In an ƙara sabobi lokacin cunkoso, tsofaffin suna nan da kayansu, sababbin suna zaune. Rabo ta IP kuwa ya fi muni, don wayar hannu tana canza adireshi tsakanin layin kamfanin sadarwa da Wi-Fi, kuma dubban mutane suna iya fitowa ta adireshi ɗaya su taru a kan saba ɗaya. Sannan ga tambayata: in ka so kashe zaman wane, a wace saba yake? Takardar nan ta Twelve-Factor App da ta fito daga Heroku a 2011 ta hana mannewar baki ɗaya, ta ce a kai zaman ma'aji na waje mai wa'adi. A nan na yarda da ita.

Ma'ajin waje galibi Redis ne, wanda Salvatore Sanfilippo ya fara a 2009, ko Memcached da Brad Fitzpatrick ya rubuta wa LiveJournal a 2003. Redis ya dace domin kowane maɓalli ana iya sa masa wa'adi, ya mutu da kansa. Amma akwai tarko. Idan Redis ɗaya ka haɗa zaman mutane da bayanan wucin gadi na shafuka, kuma ka saita shi ya riƙa zubar da tsofaffin maɓallai in ya cika, to ranar da jama'a suka yi yawa zai fara zubar da zaman mutane don ya samu wurin ajiye shafi. Babu kuskuren da zai fito a rajista. Mutane kawai za su ce ana korarsu. In kuma ka bar shi a kan noeviction, wanda shi ne na asali, sai ya ƙi karɓar sabon rubutu, babu wanda zai iya shiga. A raba su. Memcached kuwa tun asali ba a yi shi don ya riƙe amana ba, yana zubarwa in ya cika, yana mantawa in an sake kunna shi.

Ni dai ga yawancin manhajoji, rumbun bayanan da ake da shi ya isa. Tebur ɗaya a PostgreSQL ko MySQL, nema ɗaya ta maɓallin farko. Django haka yake zuwa, da teburinsa django_session, kuma manyan shafuka sun rayu a kansa. Na sha jin ana cewa “ba zai ɗauki nauyi ba” daga bakin mutanen da manhajarsu ke tambayar rumbun nan sau goma sha a kowane shafi. Tambaya ɗaya ƙari ba ita za ta karya shi ba. Abin da zan ƙara shi ne kada a ajiye lambar zaman yadda take. A ajiye tambarinta na SHA-256, wanda ba a iya komawa daga gare shi zuwa lambar, yadda in teburin ya fita waje ta wani kwafin ajiya da aka yi sakaci da shi, wanda ya samu ba zai iya shiga da shi ba.

Sai abin da ake zubawa a ciki, inda a ganina aka fi yin ɓarna. Zama yana da sauƙin rubutu, don haka yake zama jakar da ake cusa komai: kayan da mutum ya zaɓa, shafi na uku na dogon fom, sakamakon bincike, har da dukkan bayanan asusu da matsayinsa. Kowanne da irin cutarsa. In ka kwafi matsayin mutum cikin zama, aka sauke shi daga shugabanci da safe, zai ci gaba da shugabanci har zaman ya ƙare. In ka sa matakin fom a ciki, mutum ya buɗe shafi biyu a burauza ɗaya, kuki ɗaya suke amfani da shi, sai wannan ya taka wancan, a ƙarshe a tura takardar wani da bayanan wani. In buƙatu biyu suka zo tare, kowacce ta karanta zaman, ta canza, ta mayar, ta ƙarshe ce ke cin nasara, ta farko ta ɓace ba a sani ba. PHP yana kauce wa wannan ta hanyar kulle fayil ɗin zaman daga session_start har buƙatar ta ƙare, wato buƙatun mutum ɗaya layi suke bi. Shafin da ke tura kira biyar a lokaci guda sai ya yi nauyi, a yi ta zargin rumbun bayanai, alhali kira ɗaya mai jinkiri ne ya riƙe maɓallin. Kiran session_write_close da wuri yana sakin sa. ASP.NET na da can ma haka yake kullewa.

Wa'adi kuma ya zo ya ƙara. PHP daƙiƙa 1440 yake ba bayanan zama kafin su cancanci shara, minti 24 ke nan. ASP.NET minti 20, Tomcat minti 30. Ka tuna da mai cike fom ɗin neman aiki ko na makaranta, wanda ya tashi neman wata takarda a cikin akwati, ya dawo ya danna “Gaba”, aka ce masa ya sake shiga, kuma duk abin da ya rubuta ya tafi. Wannan zalunci ne ƙarami da muke yi wa mutane kullum, kuma ba wa'adin ne ya jawo shi ba. Aikin mutum ne muka ajiye a wurin da aka gina don ya mutu. Fom ɗin da ba a gama ba, a ba shi layinsa a rumbun bayanai da lambarsa, a ɗaure shi da asusun. Kayan da aka zaɓa ma haka. Sai zaman ya rage ɗan abu: wane ne, yaushe ya shiga, yaushe aka gan shi ƙarshe, da wace na'ura. Kuma a nan ne maganar abin da ake zubawa da ta kashe zama suka haɗu. Zaman da ba ya ɗauke da aikin kowa, ba ka jin tsoron kashe shi. Wanda aka cika da kaya kuwa, kowa yana ja da baya, sai a yi ta tsawaita wa'adinsa.

Idan manhaja ce ke kiran manhaja, ba mutum da burauza ba, to maganar ta fi ƙarfi. A zamanin SOAP, tsohuwar ƙa'idar kira tsakanin manhajoji, ASP.NET yana barin ka kunna EnableSession a kan WebMethod, kuma mai kira dole ya tanadi CookieContainer ya riƙa mayar da kukin, in ba haka ba kowane kira sabon zama ne. Na gaji irin wannan hidimar: kira na farko ya buɗe oda, na biyu ya ƙara kaya, na uku ya rufe, kuma babu ɗaya da ke faɗin wace oda yake nufi, saba ce ke tunawa. Layi ya yanke a tsakiya, mai kira ya maimaita, kaya ya shiga sau biyu ko ya shiga odar da ba tasa ba, kuma babu inda za ka duba ka ga me ya faru. Roy Fielding, a kundin digirinsa na 2000 a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, ya sa sharaɗi cewa kowace buƙata ta zo da duk abin da ake buƙata don a fahimce ta. Ma'anar wannan a aikace mai sauƙi ce: kira na farko ya ƙirƙiri oda ya dawo da lambarta, sauran kiran su ambaci lambar. Odar tana rumbu, ana ganinta, ana iya ci gaba da ita gobe daga wata saba.

Sai dai an ɗauki maganar Fielding an kai ta inda ni ban bi ba. Aka ce tun da saba bai kamata ta tuna komai ba, to shaidar shiga ma a ba mutum ya riƙe. Nan JWT ya shigo, wanda aka daidaita a RFC 7519 a watan Mayun 2015. Kashi uku ne da ɗigo a tsakani: bayanin irin sa hannun, bayanan mutum, sai sa hannun kansa. Kashi na biyun ba a ɓoye yake ba, base64 ne kawai, kowa zai iya warware shi ya karanta; na ga inda aka sa lambar waya da ranar haihuwa a ciki ana zaton sirri ne. Amfaninsa na gaske ne: kowace saba mai maɓallin tantancewa za ta iya gaskata shi ba tare da ta tambayi kowa ba. Idan hidimomi goma ne a bayan ƙofa ɗaya, ko kamfani ɗaya ke ba da shaida wani ke karɓa, wannan babban sauƙi ne, kuma ina amfani da shi a can.

Amma wannan rashin tambayar shi ne takardar nan mai sa hannu. Ka ba mutum tokin JWT na kwana bakwai, ya ajiye a localStorage, ma'ajin burauza inda duk wani JavaScript da ya kutso shafin zai iya karantawa, sannan ya danna “Fita”. Me ya faru? Burauzarsa ta manta. Kwafin da ke hannun wani yana nan da ransa har kwana bakwai su cika. Ya canza kalmar sirri, yana nan. Ka rufe asusun gaba ɗaya, yana nan, muddin hidimar sa hannu kawai take dubawa. Idan na faɗi haka, amsar da nake samu ita ce a yi jerin tokin da aka soke, a riƙa dubawa a kowace buƙata. To an gudu ba a tsira ba. Ka dawo ga tambayar ma'aji a kowace buƙata, abin da aka ce ana gudu, ga kuma ƙarin nauyin kula da maɓallan sa hannu, ga tokin mai ɗaruruwan bayit yana bin kowane kira, yana kumbura duk lokacin da aka ƙara masa izini har, in a kuki yake, ya doshi iyakar bayit 4096 ɗin nan. Kuma jerin sokewa in ya ɓace, duk wanda aka kora ya dawo. Littafin zama in ya ɓace, kowa ne ke fita. In dole ɗaya ta faru, na san wadda na zaɓa.

Ba JWT kaɗai ke da wannan hali ba. Rails tun 2007 yake ajiye zama gaba ɗaya a cikin kuki, ya fara ɓoye abin da ke ciki a Rails 4. Flask ma a kuki yake ajiyewa, da sa hannu amma ba ɓoyewa. Takardun Django sun yi gargaɗi a fili cewa in ka zaɓi ma'ajin kuki mai sa hannu, fita ba ta kashe tsohon kukin. Ana iya gyarawa ta sa wata lamba a layin asusu wadda ake dubawa kullum, a canza ta in ana son korar kowa. Django yana yin irin wannan da kalmar sirri: yana ajiye tambarin da aka ciro daga gare ta a cikin zaman, in ta canza sauran zaman duk su faɗi. Dabara ce mai kyau, kuma ita ma tambayar rumbu ce.

Inda tokin ya zama dole, tsarin OAuth 2.0 na 2012 ya riga ya nuna hanya. Tokin shiga ya zama gajere, minti biyar zuwa goma sha biyar. Tokin sabuntawa ya zauna a littafin saba, a canza shi duk lokacin da aka yi amfani da shi, in kuma tsohon ya sake bayyana a ɗauka an sace, a kashe zuriyar gaba ɗaya. Amma a faɗa wa masu manhajar gaskiya: tsakanin sokewa da mutuwar tokin akwai waɗannan mintuna. Ga shafin karanta labarai ba komai. Ga tura kuɗi ko canza imel ɗin asusu, a tambayi littafi, a kuma sake neman kalmar sirri.

Masu ganin na cika tsanantawa su duba abin da ya faru a Satumbar 2018, lokacin da Facebook ya sanar cewa an saci tokin shiga ta wata kafa a sashen nan na ganin shafinka yadda wasu ke ganinsa. Da farko ya ce asusu kusan miliyan 50 abin ya shafa, ya soke nasu, ya ƙara da na wasu miliyan 40 don riga-kafi. Mutum miliyan 90 suka wayi gari an fitar da su. Ya iya yin haka ne domin yana da inda zai soke. A Oktoban 2023 kuma aka sami kafar da aka yi wa laƙabi da Citrix Bleed a na'urorin NetScaler, wadda ke zubo lambobin zama daga ƙwaƙwalwa. Mai lambar ba ya buƙatar kalmar sirri, ba ya buƙatar lambar tabbaci ta biyu, domin an riga an wuce wannan ƙofar. Toshe kafar kaɗai bai wadatar ba. Sai da aka umarci masu na'urorin su kashe duk zaman da ke raye, don waɗanda aka riga aka sace suna ci gaba da aiki bayan gyaran.

Saboda haka teburin zamana kullum yana da ginshiƙin lambar asusu, da fihirisa a kansa. Da shi ne “fitar da ni daga duk na'urori” ke zama umarni ɗaya. Da shi ne canza kalmar sirri, rufe asusu, da sauke matsayi ke share zaman nan take. Da shi ne kuma ake iya nuna wa mutum jerin na'urorin da yake ciki, ya ga wadda bai sani ba ya kore ta da kansa. A Redis sai an gina wannan da hannu, a riƙe tarin lambobin zama a ƙarƙashin sunan kowane asusu, kuma yawancin ɗakunan kod da na gani ba sa yi maka.

Wa'adi biyu nake sawa, kuma saba ce ke lissafa su. Na rashin motsi, da na ƙarshe wanda ba ya tsawaita ko mutum yana aiki, don ɓarawon da ke taɓa shafi kowane minti biyar kada ya zauna har abada. OWASP ta ba da shawarar minti 2 zuwa 5 na rashin motsi ga manhaja mai haɗari, 15 zuwa 30 ga mai sauƙi, amma abin da manhajar ke riƙe da shi ne zai yanke. Kada a dogara da cewa kuki zai mutu in an rufe burauza. Chrome da Firefox suna dawo da shi in mutum ya zaɓi a ci gaba daga inda ya tsaya. A kuma tuna da shara: Django ba ya goge layukan da suka mutu sai an sa clearsessions yana gudu a kai a kai.

Wurin da ake yawan mantawa shi ne WebSocket, layin da ke zama a buɗe tsakanin burauza da saba. Sau ɗaya ake duba kuki, lokacin ƙulla layin. Bayan nan layin a buɗe yake, saƙonni suna shiga suna fita, ko da an goge zaman daga tebur tun da safe. Ma'aikacin da aka sallama zai ci gaba da ganin hirar ofis muddin bai rufe shafin ba. Dole kowane layi ya san lambar zaman da ya haife shi. Lokacin sokewa sai a yi shela ga duk sabobin, ta Redis ko ta LISTEN da NOTIFY na PostgreSQL, kowacce ta duba layukan da take riƙe da su ta katse na wannan zaman. Shela tana iya wuce sabar da ta ɗan yanke a lokacin, don haka nake ƙara wa kowane layi ya sake duba littafin duk bayan minti ɗaya.